Mota Mai Launin Wuyan Tantabara

Ku da kuke zama a inuwar garejin nan kuna kallona ina feshi, na san abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai aikin Baba Habu danna ɗan yatsa ne: a ɗura fenti a pistole, bindigar feshin nan, a matsa, iska ta ƙarasa sauran. Shekaranjiya ma na ji ɗayanku yana cewa in aka ba shi sati biyu, shi ma zai kafa rumfarsa a bakin tasha. Allah ya ba da sa'a. Amma kafin ka je ka ɓata motar mutane a zo nemanka da jandarma, gyara zama ka ji yadda abin yake.

Ƙofar wata tsohuwar mota ce aikina na farko, motar wani mushe, malamin makaranta da ya gama koyarwa ya yi ritaya. A Damagaram ne, wurin Maigida Kyari, wani Babarbare ɗan ƙaramin jiki mai babbar murya, wanda mahaifina ya damƙa ni a hannunsa. Ya ba ni samfefa da bokitin ruwa, ya ce in goge. Kwana huɗu ina guga, har ƙofar ta yi sumul kamar ƙwai. Na kira shi ina washe baki. Bai ko dubi ƙofar ba. Ya rufe ido, ya bi ta da tafin hannu, ya tsaya a wani wuri.

Ya ce, "Nan akwai rijiya."

Na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba. Na ce, "Maigida, ai a miƙe take."

Ya ce, "Ido maƙaryaci ne. Tafin hannu ne ba ya karɓar goro. Koma."

Shekara uku ina wannan komawar kafin ya bari na riƙe pistole. Guga ta cinye zanen yatsuna ƙaf. Ranar da na je yin katin ɗan ƙasa, ma'aikacin ya dangwala babban yatsana a tawada sau uku, sau uku yana samun baƙin tabo kawai kamar an ɗiga miya. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai, ko dai ɓarawo ne kai mai dabara, ko mai fenti." Na ce mai fenti ne, sai dai ba a fara ba ni fentin ba tukuna.

Kayan aikin kuwa ga su nan kuna gani. Pistole, da kwampireso mai ba ta iska, wannan da ke tari kamar tsohon mashayin taba. Mastik na cike rami, diliwan na tsinka fenti, berni na sama mai ba da sheƙi. Duk wannan wanda ke da hali zai iya saye yau da rana. Abin da ba a sayarwa shi ne sanin abokan gaba. Ƙura ana yayyafa ruwa a ƙasa a kwantar da ita, a yi feshi da sassafe kafin amalanke su fara wucewa kasuwa. Ƙuda in ya faɗa cikin ɗanyen berni, da bakin allura ake ɗaga shi, ta fiffike, ba a sa yatsa. Mai mota ne har yau ba a samo maganinsa ba.

Wani ɗan kasuwa daga Yekuwa ya taɓa kawo mini motarsa, ya ce launin jan goro yake so. Ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya nuna mini cikinsa, ya ce wannan sak. Na shiga haɗi. Kafin in gama, goron ya sha iska ya yi duhu. Na kawo abin da na haɗa, ya kara da goron, ya ce bai yi ba. Na sake haɗawa, goro ya ƙara duhu. Goro biyar muka ɓare ranar nan. A na shida na karɓe daga hannunsa na tauna, na ce launin yana cikina yanzu, ya je ya dawo jibi. Da ya dawo ya ga motar, ya ce ai wannan ne abin da yake ta faɗa tun farko.

Motar Sale direba ce ta kayar da ni, a shekarar da aka rufe iyaka kaya suka daina zuwa daga Kano. Fenti ya yanke a nan Magarya gaba ɗaya. Sai ga wani mutum a kan babur da gwangwanaye marasa suna, ya rantse ya maya cewa na jiragen ruwa ne, ko gishirin teku ba ya cinsa. Ni da ban taɓa ganin teku ba, na karɓa. Sale yana jigila tsakanin Magarya da Dungas, yana son motarsa ta zama shuɗiya. Na fesa mata, ta yi kyau kamar a lasa. Kwana ɗaya ba ta bushe ba. Kwana biyu ba ta bushe ba. A rana ta uku, ranar kasuwar Dungas, Sale ya zo ya ce shi ba zai bar lodi ya wuce shi ba, iskar hanya za ta busar da ita. Na hana, ya ƙi, ya tafi.

Ranar nan duk wanda ya jingina da motar a tasha ya koma gida da shuɗin baya. Wani dattijo da ya ɗora hannu a jikinta yana ciniki sai da aka taimaka masa ya ɓanɓaro hannun rigarsa. A hanya ta kwashi ƙaiƙayi, ta kwashi gashin awaki, ta kwashi fuka-fukan kajin da aka ɗaure a samanta. Da yamma Sale ya tsayar da ita a nan, daidai inda kuke zaune, ya ce, "Habu, fenti na kawo maka ka yi, ga shi motar ta tsiro da gashi." Daga ranar sunana ya koma Habu Danƙo.

Na kankare ta, na nemo fenti daga Damagaram na sake mata da kuɗina, amma suna ba ya kankaruwa da samfefa. Motoci suka ɗauke ƙafa. Mai son fenti ya tafi Damagaram. Ni da na yi shekara ashirin ina feshin motoci, na koma fentin ƙafafun amalanke, da ƙyauren ƙarfe, da allunan lakwal, wato makarantar boko. Ko masu amalanken sai sun taɓa da yatsa sun duba kafin su ɗaura jaki. Har aka buɗe iyaka, fenti mai kyau ya dawo, mutane ba su dawo ba.

Ana cikin haka motar Alhaji Sabi'u ta iso gari. Alhaji Sabi'u babban mai sayen riɗi ne, yana da ɗa da ke zaune a Turai. Ɗan ne ya ba shi shawara, ya ce maimakon ya yi ta tara shanu annoba na ɗiba, akwai wata irin motar gudu da ba a hawa sosai, ajiye ta ake yi, kullum darajarta na ƙaruwa. Kamfanin da ya ƙera ta ƴan kaɗan ya yi da wannan launi, daga nan ya daina, kowace da lambarta a kan ɗan ƙarfe kusa da sitiyari. Aka kawo ta daga Kwatano a bayan kamiyo, babbar motar kaya, a lulluɓe, rabin gari na biye.

Da aka yaye lulluɓin, kowa ya miƙa wuya. Mota ce a kwance, ko kaza in za ta shiga ƙarƙashinta sai ta durƙusa. Ƙofa biyu, kujera biyu, alhali gidan Alhaji ana ɗora tukunyar mutum talatin. Wani tsoho daga Kwaya ya leƙa ciki, ya leƙa baya, ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, an sayar wa Alhaji rabin mota." Launin kuwa, kun san wuyan tantabara in rana ta doke shi? To, shi ne. Ka tsaya ta gaba ka ga tsanwa, ka koma ta baya ka ga shunayya, ka taka a hankali ka ga ɗaya yana narkewa cikin ɗaya. Mutum biyu sun kusa dambe a wurin, ɗaya na gaba yana rantsuwa tsanwa ce, ɗaya na baya yana cewa makaho ne. Ni ina can bayan taro, hannuna na ƙaiƙayi, ba wanda zai bar Habu Danƙo ya matso.

Ɗan ya ja wa uban kunne ta waya: fentin nan shi ne dukiyar. In ya karce, in wani ya sake shi, ta zama mota kamar kowace. Saboda haka Alhaji ya gina mata rumfar kwano a cikin gida, aka yi mata daɓen siminti, ana share ta da tsumma mai laushi irin na jarirai. Shekara biyu ba ta san kasuwa ba, ba ta san biki ba. Mutum in ya zo gaisuwa sai a nuna masa ita daga nesa, hannuwansa a baya.

Abin da ba a lissafa da shi ba shi ne ragon Hajiya Babba, mahaifiyar Alhaji. Wani ƙaton Balami ne da ta yi kiwonsa tun yana ɗan tunkiya, da dusa da ƙanzo, ya fi wasu jikokinta gata. Wata safiya an turo motar waje ana wanke ta, rago ya tsinke igiya. Ya zo wucewa ta gefen dama, ya waiga, sai ya ga wani rago a cikin ƙofar, ƙato kamarsa, yana kallonsa ba kunya. Ya ja da baya, wancan ma ya ja da baya. Sau uku ya kai masa karo kafin a kama shi. Ƙofa ta lotsa kamar gindin ƙwarya, fenti ya ɓare kamar faɗin tafin hannu.

An ce Alhaji ya ce a kawo wuƙa. Hajiya Babba ta fito ta tsaya gaban ragonta, ta ce, "Sabi'u, ragon nan ya riga abar nan zuwa gidan nan. Kai ka ajiye masa madubi a hanya." Aka mayar da wuƙa.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina fentin wani ƙyaure, sai ga Alhaji da kansa, a ƙafa, ba ɗan rakiya. Muka gaisa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya ya gaya mini abin da ya faru. Ɗansa ya ce kamfanin ba ya sayar da fentin, sai dai a mayar da motar Turai. In kuma aka ɗora ta a kamiyo zuwa Damagaram ko Kano, kafin ta kai labari ya riga ta. Ni ne kaɗai mai fenti a garin da ba wanda ke leƙa garejinsa.

Ya ce, "Malam Habu, sun ce fentinka ba ya bushewa."

Na ce, "Sau ɗaya ne, Alhaji."

Ya ce, "Ragon ma sau ɗaya ya tsinke." Sannan ya ce, "Za ka iya?"

Na ce sai na gani. Gaskiya ban san ko zan iya ba. Abin da na sani shi ne in na ɓata wannan, ko ƙafar amalanke ba zan sake samu a Magarya ba.

Lotsawar ba ta ba ni wahala ba. Na kwance rufin cikin ƙofar, na bi ƙarfen ta baya da ɗan guduman katako, kaɗan-kaɗan, kwana biyar, ido a rufe, hannu na ji, har ya dawo mazauninsa. Mastik ɗin da na sa bai kai kaurin takarda ba. Launi ne ya hana ni sakat. Na ɗauki ɓawon fentin da ya faɗi, na duba gefensa a rana, na ga hawa uku ne: baƙi a ƙasa, berni a sama, a tsakiya wani abu mai ƙyalli wanda ban taɓa gani a gwangwani ba. Na haɗa tsanwa da shunayya, suka ba ni ruwan kwata. Na fesa ɗaya kan ɗaya, na sama ya rufe na ƙasa. Sati uku ina gwaji a kan tsofaffin ƙyamaren firji, har bayan garejin nan ya cika da su, kowane da irin muninsa. Kullum Alhaji zai aiko a tambaye ni lafiyar iyali. Na san wane iyali yake nufi.

Ɗiyata Rabi ce ta warware. Tana gidan mijinta a nan gari, sana'arta kwalliyar amare. Ta biyo gaishe ni, ta tarar da ni zaune da ɓawon fenti a hannu ina kallonsa kamar mai duba. Ta karɓa, ta juya shi a rana, ta ce, "Baba, wa ya ba ka hodar farce?"

Na ce, "Wace hodar farce? Wannan fentin Turai ne, ba a sayar da shi."

Ta ce, "To ni dai ina da shi a jaka." Ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan kwano da bai fi murfin kwalba ba. Ta ce a kan baƙi ake shafa shi, shi ne amarya in ta juya hannu farcenta ke sauya launi. Ta kama babban yatsana, ta shafa baƙi, ta bari ya sha iska, ta goga hodar. Na juya yatsa. Tsanwa. Na sake juyawa. Shunayya. Na yi salati da ƙarfi har mai shayi na can ya waigo.

Sai dai kowane ɗan kwano da irin nasa. Wani ya fi ja, wani ya fi zinariya, kuma a cikin kwanon ba a ganewa sai an shafa a kan baƙi. Ƙofar mota kuma ba farcen amarya ba ce, tana son da yawa. Ranar kasuwa na bi rumfunan masu kayan kwalliya ɗaya bayan ɗaya, da furfurata, da kwalbar baƙi a aljihu. In na sami hoda sai in gwada a farce ɗaya, in fita rana in juya hannu, in kara da ɓawon da na ɓoye a tafi. Mata suka daina ciniki suna kallona. Kafin azahar yatsuna goma sun cika, kowane na walƙiya da irin tasa. Kuma ba damar in yi bayani, don na yi wa Alhaji alkawarin rufe baki.

Aka kira salla, na manta, na shiga sahu. Wurin tahiya na ɗaga yatsa, na kusa da ni ya ga abu na sauya launi, sai da ya ɓata karatunsa. Bayan sallama liman ya kira ni gefe, ya dubi hannuna ya daɗe, ya ce, "Malam Habu, ban tambaye ka dalili ba, kowa da jarrabawarsa. Amma alwalar nan taka da sauran magana." Na wanke da diliwan na rama sallata. Sati guda ana cewa talauci ya taɓa Habu Danƙo a ka. Amma a ɗaya daga cikin yatsun nan goma na sami hodar da ta dace, na koma na saye ta kaf.

Feshin a cikin gidan Alhaji na yi shi. Na sa aka ɗinke gidan sauro huɗu wuri ɗaya, na kewaye motar da shi saboda ƙuda. Na jiƙa daɓe. Na fesa baƙi, na bari ya kama. Hodar na kwaɓa ta cikin berni, na tace da ɗankwali mai shara-shara har sau biyu. A kan ƙyamaren firji na riga na gane cewa sirrin a yawan wucewa yake: sau biyu tsanwa ta rinjaya, sau huɗu shunayya ta rinjaya, sau uku ne daidai, kuma hannu ya tafi da sauri ɗaya daga farkon ƙofa zuwa ƙarshe, ba tsayawa, ba tari, ba amsa sallama. Wannan wucewa ukun, da ba ta kai a sha shayi kofi ɗaya ba, ita ce kuke gani kuna cewa danna yatsa. Alhaji na bayan gidan sauro yana jan carbi da sauri kamar mai jiran haihuwa. Ragon kuwa an kai shi gona.

Kwana biyu na hana kowa matsowa. A na uku na goge ta, muka turo ta rana. Alhaji ya je gaba ya duba, ya koma baya ya duba, ya durƙusa duk da ƙibarsa. Sannan ya sunkuya ya tsinci gashin kaza a ƙasa, ya manna a jikin ƙofar, ya saki. Gashin ya faɗi. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sallame ni sallama ta mutunci, ya ƙara da buhun gero, ya ce in ci gaba da rufe baki. Na koma kan amalankena, da aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata kulle a gidan wani, ba mai sani.

Bayan damina Alhaji ya aiko kirana. Ɗansa ya samo mai saye, wani attajiri daga Abuja mai tara irin waɗannan motoci, zai zo da masani. Alhaji ya ce in zo in goge ta ta yi sheƙi, in tsaya kusa ko za a buƙaci wani abu. Ya ce, "In an tambaya, kai mai wanki ne."

Suka zo. Attajirin mutum ne mai shiru. Masanin ne mai baki, da ƴar fitila a hannu da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ya zagaya motar sau biyu yana haskawa. Ya tsaya a gefen hagu, wanda rago bai taɓa ba, ya taɓe baki. Ni na san abin da ya gani. Rumfar Alhaji a buɗe take ta yamma, shekara biyu ranar la'asar tana dukan wannan gefen, ya ɗan kwanta kaɗan.

Ya ce, "Alhaji, a gaya wa juna gaskiya. Gefen nan an sake shi. Aikin masu fentin ƙauye ne, na san hannunsu." Ya zagayo dama, ya tsaya daidai ƙofata, ya haska, ya sumbaci yatsunsa. "Ka ga wannan ƙofar? Wannan ita ce ta asali. Inji ne ya fesa wannan, a ɗakin da ko numfashi ba a yi. Ɗan Adam ba zai iya ba, balle mutanen nan masu fentin akurkin kaji."

Na ji takalmin Alhaji a kan ƙafata, ya danna. Masanin ya ci gaba, ya ce masu fentin irin wannan gari in ka ba su buroshi da bokiti sun gama ilimi. Alhaji ya ƙara dannawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tsoron Allah kaɗai ne ya buɗe bakina ba, ko da yake shi ma yana ciki, don attajirin zai sayi abu a kan abin da ba haka yake ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar nan ni na fesa ta."

Masanin ya dube ni daga hula zuwa silifa, ya fashe da dariya. Ya ce, "Da me, Baba? Da tsintsiya?"

Na ce, "Da hodar farcen amare."

Dariyarsa ta ƙaru har yana riƙe ciki. Na faɗi gaskiya, an ƙi yarda, na ga kamar shi ke nan, Allah ya fisshe ni ta kowane gefe. Sai murya ta fito daga inuwar zaure, inda Hajiya Babba ke zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa.

Ta ce, "Gaskiya ya faɗa, ɗan nan. Ragona ne ya fasa ta. Ka ga ƙahonsa na dama har yanzu da ɗan kore."

Attajirin, wanda bai ce uffan ba tun zuwansu, ya juya ya dubi Alhaji. Ya ce, "Alhaji, haka ne?"

Alhaji Sabi'u ɗan kasuwa ne, ya iya shiru, amma ba a tambaye shi ido da ido ya yi ƙarya ba, balle gaban uwarsa. Ya ɗauke ƙafarsa daga kan tawa, ya ce, "Haka ne."

Ciniki ya mutu a nan. Attajirin ya ce shi na asali yake tarawa, ya yi godiya. Masanin ya kashe fitilarsa ya sa a aljihu, suka shiga mota. Direbansu ne ya ba da labarin a tasha wurin cin abinci, kafin la'asar ya gama gari. Cikin sati motoci uku suka kwana a garejin nan, ta farko ta Sale ce. Liman ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce in yafe masa zato.

Alhaji kuwa ya daina amsa gaisuwata. In na ce ina kwana, sai ya dubi sama kamar mai duban hadari. Haka muka yi wata biyu. Na ce to, na sami gari na rasa Alhaji.

Wata ranar Laraba ina cikin guga na ji ƙara kamar damisa ta shigo gari. Sai ga motar a kan kwalta, a fili, rana na dukanta, ta tsaya a bakin gareji. Ƙura ta rufe ta. A gefen gaba akwai wani dogon karce, da gani amalanke ce ta shafe ta. Alhaji na ciki, yana cin gyaɗa, ɓawon na zuba a kujera. Ya sauke gilashi. Ni kuwa hannuna ya riga ya kai kan karcen.

Ya ce, "Bar shi, Malam Habu. Shekara biyu ina yi mata gadi, ban taɓa jin daɗinta ba. Kai da ragon Hajiya kun mayar da ita mota. Shigo."

Na shiga, ko in ce na kwanta, don zaman ciki da kwanciya ba su da bambanci. Muka ɗauki hanyar Damagaram. Da muka bar gidajen ƙarshe, Alhaji ya ce in riƙe hulata, ya taka. Bayana ya manne da kujera, gonakin gero suka zama zare ɗaya, duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Alhaji na dariya kamar yaron da aka ba sabon keke, gemunsa na kaɗawa. Muka juyo, ya sake takawa.

Da muka dawo bakin gareji na buɗe ƙofa, ƙofar tawa, na sa ƙafa ɗaya waje, na yunƙura. Gwiwa ta ƙi. Na sake yunƙurawa, na koma ciki. Mutane sun fara taruwa. Sai da mai shayi da wani mai facin taya suka kama ni, ɗaya hannu ɗaya hannu, suka zaro ni kamar ana ciro guga daga rijiya, tasha duka na tafi.

Na leƙa ta taga ina haki, na ce, "Alhaji, kai yaya kake fita daga abar nan?"

Ya jefa gyaɗa a baki, ya ce, "Ka taɓa ganin na fita a gaban mutane? Sai an rufe ƙofar gida, mutum uku ke ciro ni." Ya ɗaga gilashi ya ja motarsa.